Neman kalma: me za mu kira "network" na masu kula da matasa?

1/ Jama'a, ina fassara wata takarda kan kula da matasa da iyalansu, sai na maƙale a kalmomi biyu: network da coordinator. Ba netwok ɗin waya ake nufi ba. Yaro ɗaya ne, amma malamin makaranta ya san ya daina zuwa aji, likita ya ga tabo a bayansa, jami'ar jin daɗin jama'a ta san uwar ba ta da lafiya, ɗan sanda kuma ya taɓa kama shi da dare. Kowa na riƙe da guntun labari.

2/ "Cibiyar sadarwa" na fara rubutawa, na goge. Duk wanda ya ji zai hango turken sabis. Wani ya ce "kwamiti". Kwamiti zama yake yi ya tashi, su kuwa waɗannan kowa na ofishinsa, da shugabansa, da dokar sirrin aikinsa. "Haɗin gwiwa" ta yi kusa, sai dai sunan aikin ce, ba sunan mutanen ba.

3/ Abin da ya sa nake tsanantawa: a Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara 8, Victoria Climbié, 'yar asalin Kodibuwa, ta rasu a Landan saboda azabar masu riƙonta. Asibitoci biyu sun gan ta, 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a sun san da ita. Rahoton binciken gwamnati da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya nuna kowa ya ga wani abu, ba wanda ya haɗa. Daga nan Ingila ta yi dokar yara ta 2004 da ta wajabta wa hukumomin aiki tare. To kalmar da za mu zaɓa dole ta nuna akwai wanda haɗawar ke wuyansa.

4/ Ga network, na tsaya a "gamayyar tallafi". Gamayya ba ta narkar da kowa. Likita na nan a likitansa.

5/ Coordinator ne ya fi ba ni wuya. "Kodineta" ta zauna a bakin ma'aikata, ban musa ba, amma uwar yaron ba za ta gane me yake yi ba. "Madugu" da "jagora" sun ba shi girman da ba shi da shi, don ba ya iya ba likita umarni. Aikinsa ya kira taro, ya bi wanda ya yi alkawari bai cika ba, ya hana a sa iyali su maimaita labarinsu sau biyar.

Sai na tuna tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ita tsintsiyar 'yan siyasa sun riga mu, a bar musu. Amma "maɗauri" fa? Ba shi ke shara ba, in ya kwance kuma ba shara.

6/ "Maɗaurin gamayya ya kira taro ranar Litinin." Na karanta wa wata ma'aikaciyar jinya, ta yi dariya ta ce in mace ce fa? Na ce maɗauriya. Ta ce ita dai kodineta za ta ci gaba da cewa.