Mu da muke zaune a kurmi: kuɗin kare daji ya taɓa iso muku?

Ɗan Zangon Kumasi: Assalamu alaikum jama'a. A farkon 2023 Bankin Duniya ya biya Gana dala miliyan 4.8 saboda an rage sare daji a yankunan koko. Gabon ma ta karɓi dala miliyan 17 daga Norway a 2021. Ƙasashen da masana'antunsu suka ɓata iska ne ke biya a bar kurmi ya tsaya. To mu da kakanninmu suka shigo ƙasashen nan fataucin goro muka zama 'yan gari, me kuka gani da idonku? Ba abin da aka ji a rediyo nake nema ba.

Mai Sikeli, Sefwi: Wa alaikumus salam Malam. Ni awon koko nake yi wa wani kamfanin saye. Tun da Tarayyar Turai ta fito da dokarta a 2023, cewa ba za ta karɓi kokon da aka noma a filin da aka sare bayan ƙarshen 2020 ba, aka riƙa turo samari da waya suna zagaya gonaki suna ɗaukar taswira. Ni na raka su. Sunan da suke rubutawa na mai gona ne, wanda galibi yana Kumasi ko Akara. Wanda yake cikin gonar kuwa, ɗan abusa, mai yin shara da feshi da tsinka ya karɓi kashi ɗaya cikin uku, ko tambayarsa ba a yi. Yawancinsu kuma mutanen arewacin Gana ne da 'yan Burkina. In tallafi ya zo, da wannan takardar ake rabo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar itatuwa. Ana ta cewa manomi ya bar manyan itatuwa su yi wa koko inuwa. Amma a dokar Gana, itacen katako da ya tsiro da kansa a gonarka ba naka ba ne, na hukuma ne. Na ga gonar wani dattijo da mai lasisin yankan katako ya kayar da wani babban itacen odum a tsakiyarta, ya ja gungumen ya murƙushe koko mai yawa, diyyar da aka ba shi ko buhu ɗaya ba ta kai ba. Tun daga ranar, duk ɗan itacen da ya leƙo a gonarsa adda yake sa masa. Wa zai ga laifinsa?

Hajiya Mai Kanti, Yokaduma: Ɗana Mai Sikeli, naku da sauƙi. Nan gabashin Kamaru tirelolin gungume ta ƙofar kantina suke wucewa zuwa Duwala dare da rana, ƙura ta rufe kaya, da damina kuma hanya ta zama taɓo. Dokar gandun daji ta 1994 ta tanadi kashi 10 cikin 100 na harajin daji ga ƙauyukan da ke kusa, a 2015 aka cire, daga baya aka maido da wani abu da bai kai na da ba. Ni dai matan Baka, ƙabilar da ke rayuwa a cikin kurmi, nake hulɗa da su, su kawo zuma da man 'ya'yan itacen moabi, su sayi gishiri da sabulu. Wata ta ce min itatuwan moabin da uwarta ke tsintar 'ya'yansu duk an sare, wanda ya rage kuma yana cikin gandun da aka hana su shiga. Mai injin zarto ya shiga da takarda, ita da aka haifa a ciki a kama ta da kwando. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Direban Ikom: Hajiya, a gafarce ni, ni ina cikin masu ɗaukar katakon, kuma ba zan ɓoye ba. Da gwamnatin Kuros Riba ta hana sare daji a 2008, mu ƙanana muka fara jin jiki: masu lodi, masu yanka, masu abinci a tasha. An ce za a kawo kuɗin kare daji a samar mana wata sana'a. Taro dai an yi, har riguna an raba. Manyan motoci kuwa da daddare ba su daina fita ba, sai kuɗin shinge da ya ƙaru. Da aka ɗage haramcin a 2023 ban yi murna sosai ba, don inda muke lodi da kusa da titi yanzu sai an yi nisa cikin daji. Amma wanda zai ce in ajiye mota, ya fara faɗa min abin da yarana za su ci.

Hajiya Mai Kanti: Ba da kai nake ba, ɗana. Kai kwadago kake yi. Da mai takardar nake.

Ƙaramin Su, Dunkwa: Ni galamse na yi, wato haƙar zinariya ba da izini ba, kafin in koma ɗinki. Kogin Ofin da muke wanka muna yara yanzu ruwansa ja ne, ko alwala ba ka yi da shi. Manomin da ya ba mu gonarsa muka haƙa ya ce kuɗin da ya karɓa a dunƙule koko ba zai ba shi ba a shekaru. Injin da muka yi aiki da shi ba na ɗan ƙauyen ba ne, ba kuma mai injin sojoji suka kora ba.

Malamar Makaranta, Goaso: Don kada a ce babu ko ɗaya, mijina ya samu dashen itatuwa kyauta ta ƙungiyar manoma, kuma an yi musu rajistar abin da suka dasa, domin wanda ka dasa da hannunka doka ta yarda naka ne. Sai dai gonar tasa ce, saya ya yi da takarda. Maƙwabcinmu ɗan abusa shi ma ya dasa, rajistar ta fito da sunan mai gona.

Ɗan Zangon Kumasi: Malama, rajistar nan kuɗi ake biya, ko ƙungiya ce ta ɗauki nauyi? Akwai ƙanena a Bibiani da yake son yi.

Malamar Makaranta: Tamu ƙungiya ce ta yi komai. Ya fara shiga ƙungiyar manoman garinsu, ya kuma riƙe takardar filinsa a hannu ranar da masu taswira za su zo.