Neman shawara: zan biya kuɗin gida a Kaduna, me ya rage ya zama nawa a hukumance?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, mun daidaita da wani bawan Allah kan gidansa da ke Unguwar Dosa. Yana da takardar C of O, wato shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa. Dillali ya matsa min in biya kafin ƙarshen wata, wai takardar ciniki da shaidu da hatimin mai unguwa sun wadatar. Hankalina bai kwanta ba. Me ake biyan gwamnatin jiha? Kuma kuɗin NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, da ake cira a albashina zai yi min rana a nan?

Wani lauya: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka saki ko sisi tukuna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Sashe na 22 ya hana mai takardar C of O ya sayar sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba tare da ita ba bai inganta ba. Hatimin mai unguwa shaida ce kawai. Ka sa lauyanka, ba na mai gida ba, ya je KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, ya bincika fayil: sunan wa ke ciki, an jinginar da gidan a banki, akwai bashin harajin fili na shekara-shekara? In komai lafiya, a rubuta takardar miƙa mallaka, ka biya kuɗin amincewa, harajin hatimi da kuɗin rajista. Bisa kimar da hukuma ta yi wa gidan ake lissafa su, ba lallai farashinku ba, don haka ka ware musu kuɗi tun yanzu.

Wata malamar makaranta: Yayana, NHF ɗin nan haƙƙinka ne. Kashi 2.5 cikin ɗari na albashi ake cira, kuma wanda ya yi wata 6 yana zubawa zai iya neman rancen FMBN, wato bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayya, a kan ruwa kashi 6, a biya har shekara 30. Ta hannun wani bankin lamunin gidaje ake nema. Sai dai yana ɗaukar lokaci, ba abin ƙarshen wata ba ne. Batun ruwan kuma ka tambayi malamai.

Wani dattijo: Yaro, ka tambaya ko gidan gado ne. Na ga wanda ya biya babban wa, ya yi fenti, ya sa sabon ƙyaure, sai ga ƙanne mata da sammaci. In gado ne, ka ga takardar rabo daga kotu, kowane magaji ya sa hannu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Baba, ba gado ba ne. Amma Barista, in aka samu bashin harajin fili fa?

Lauya: Na mai sayarwa ne. Ya biya ya kawo rasit, ko ku rubuta a yarjejeniya cewa za ka cire daga kuɗinsa. Ka kuma biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke jikin C of O.