Musayar Waƙa: Taswirar Mazaɓun Alabama

Baba Mai Tawada: Jama'a, amsa-amonmu na yau "ba" ne. Bismilla.

Da sunan Allah nake farawa,
Sarkin da bai tauye bawansa ba.

Ku zo mu leƙa jihar Alabama ta Amurka,
Inda ƙuri'u ba su zo daidai ba.

Gundumar Jefferson a 1960, mutum fiye da 600,000,
Sanatan jiha guda, ba a ƙara musu ba.

Lowndes, 15,000 da 'yan kai, ita ma guda,
Tun 1901 ba a sake rabo ba.

A 1964 alƙalin Kotun Ƙoli Earl Warren ya ce,
Mutane ake wakilta, ba bishiya ko gona ba.

Gimbiya:

Baba, Allah ya ja da ranka, ka yi daidai,
Sai dai ƙirga kawuna bai wadatar ba.

Tuskegee gari ne mai kusurwa huɗu,
'Yan majalisa ba su bar shi haka ba.

A 1957 suka mai da iyakarsa gefe 28,
Ba su ta da kowa daga gidansa ba.

Baƙar fata masu zaɓe wajen 400
Suka wayi gari ba 'yan gari ba.

Huɗu ko biyar kaɗai suka rage ciki,
Farar fata kuwa ko ɗaya bai fita ba.

A 1960 magana ta kai Kotun Ƙoli,
Ita ma ba ta lamunci zanen ba.

Ɗan Auta:

To Yaya, ai kin ba ni gaskiya,
Kotu ba ta taɓa yin barci ba.

Ga 2023, shari'ar Milligan,
Alƙalai 5 cikin 9 ba su yi shiru ba.

Baƙar fata kashi 27 ne cikin 100,
Rinjaye a mazaɓar tarayya 1 cikin 7 ba adalci ba.

Kawu Na-Zaure: Yaro, sassauta.

Ba ta taɓa barci ba, ka ce, Auta?
Ashe labarin shari'ar Shelby bai zo maka ba.

Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta ce wa irin su Alabama,
Kar ku taɓa tsarin zaɓe in ba da izini ba.

A 2013 babban alƙali Roberts ya kwance takunkumin,
Shi ya rubuta hukuncin Milligan, ba wani daban ba.

A 2019 Kotun Ƙoli ta ce zanen son jam'iyya
Ba aikin kotun tarayya ba.

Mai neman kujera shi ke zana mazaɓa,
Kura da ajiyar nama, ba ka ji ba?

Ɗan Auta:

Kawu, na ji, amma dubi ƙarshen wasa,
Majalisa ta sake zane, ba ta gyara ba.

Alƙalai uku suka sa ƙwararre ya zana,
Ba su tsaya lallashin kowa ba.

A 2024 Shomari Figures, baƙar fata, ya ci sabuwar mazaɓar,
Ko shi ma Kawu bai gani ba?

Gimbiya:

Na gani, ƙanena, na kuma yi murna,
Abu ɗaya ne ban haɗiye ba.

Tun farkon 2022 ƙaramar kotu ta hana taswirar farko,
Kotun Ƙoli ta ce a dakata, ba yanzu ba.

Da ita aka yi zaɓen Nuwamban 2022,
Wanda ya ci bai sauka ba.

Shekara biyu suka yi suna kafa doka,
Ba wanda ya biya masu zaɓen, ko ba haka ba?

Baba Mai Tawada: Auta, tambaya ce aka yi maka. Muna jira, kuma kar ka karya amsa-amo.