Ɗan haya ya tashi, mai gyara ya ɓace: me zan cire daga kuɗin ajiya?

Assalamu alaikum. Ɗan hayata ya tashi bayan shekara 3, yana neman in mayar masa da kuɗin ajiyar da ya bayar saboda ɓarna, ni kuma na rasa nawa ya halatta in riƙe.

Wata 8 da suka wuce ya turo mini saƙo cewa bututun bayan gida yana yoyo cikin bango. Na kawo mai gyaran famfo, ya karɓi rabin kuɗin aiki, ya fasa tayil, ya liƙe wurin da gam maimakon ya canza bututun. Mako 2 ruwa ya dawo. Tun daga nan kullum "gobe ina nan tafe", yanzu ma ko waya ba ya ɗagawa. Rasit kuwa ban karɓa ba, wannan sakacina ne.

Yanzu bangon ya jiƙe, fenti ya ɓaɓɓake, ƙasan ƙofa ya ruɓe. Sai dai akwai ɓarnar da ta ɗan hayan ce tsantsa: kwanon wanke hannu a fashe, makullin ɗaki a karye. Ya amsa waɗannan, amma ya ce ƙofar ba ruwansa. Ni kuma ina ganin da ya sake sanar da ni da wuri, da ba ta kai haka ba.

Na kira wani ma'aikacin ya yi ƙiyasi, sai ya dunƙule komai a jimla ɗaya, ya ƙi rarrabewa. Yarjejeniyarmu "ɓarna" kawai ta ce, ba bayani.

Shin ina da hurumin cire kuɗin ƙofar daga ajiyarsa, tunda asalin yoyon daga aikin wanda na kawo ne? Na gode.