Cire injin esans a sa na gazwal a tsohuwar Hilux: dabara ce ko zubar da kudi?

Mai Albasa (Garwa): Salam alaikum jama'a. Ina da tsohuwar Hilux mai injin esans (wato fetur) 22R da nake daukar albasa da gero da ita, ta fara shan mai fiye da kima kuma tana hayaki. Wani dan uwa ya ce min kar in bata kudi wajen gyaran injin, in cire shi kawai in sa injin 3L na gazwal (wato dizal), wai duk wanda ya yi haka cikin shekara daya kudinsa ya dawo. Masu sani ku fada min gsky dan Allah.

Direban Pitowa: Wslm Alhaji. Dan uwanka ya fada maka gaskiya wlh. Motar kaya ba ta da abokin zama sai gazwal, dubi duk kamyon da ke tasowa daga Gaundare har Kusiri akwai mai esans a ciki? babu ko daya. Gazwal ya fi jan kaya ya fi dadewa kuma ba ruwanka da kabireta da buji (fulogi) da wannan wahalar wuta lokacin damina. Ka sa kawai.

Baban Hafsat: Ni ban yarda da maganar shekara daya ba sam. Wannan lissafin da ne, lokacin da tsakanin man biyu akwai rata. Nan Kamaru kafin Fabrairun 2023 litar esans faran 630 ne gazwal 575, sai aka kai su 730 da 720, a Fabrairun 2024 kuma aka kai esans 840 gazwal 828. Faran 12 ke tsakaninsu a lita. Mutane suna ta maimaita abin da suka ji tun suna yaran mota ba su duba allon gidan mai ba.

Direban Pitowa: Baban Hafsat ai ba kudin lita ake dubawa ba, lita nawa motar ke sha ake dubawa. Ka cika tanki biyu ka tura su Marwa ka ga wacce za ta fara neman mai.

Baban Hafsat: To mu yi lissafin a fili tunda haka ne. A ce ta esans tana shan lita 14 a kilomita 100 da kaya, ta gazwal tana shan 10, misali ne kowa ya sa na motarsa. 14 sau 840 ya ba ka 11,760. 10 sau 828 ya ba ka 8,280. Ragowar 3,480 ke nan a kowane kilomita 100. Yanzu a ce inji da kayan hadi da kudin aiki da takardu sun ci miliyan daya da rabi, sai motar ta yi kilomita wajen 43,000 kafin ka ce ka fita kudinka. Wanda ke Garwa Marwa kullum zai iya yin haka cikin shekara, ban musa ba. Amma mai zuwa kasuwar kauye sau biyu a sati? shekaru zai yi, kuma a cikin shekarun nan injin okaziyon din (na hannu) bai yi alkawarin ba zai nemi kudi ba.

Makanikin Marwa: Salam. Ku bar ni in sa baki don wannan aikin hannuna ne. Abin da ke bata min rai shi ne mutum ya zo da inji tsirara a bayan mota ya ce a sa masa zuwa jibi, yana ganin kusoshi hudu ne a kwance a daura. Alhaji ka saurara da kyau. Kafafun da injin ke zama a kai ba daya ba ne sai an yanka an yi walda, kwaryar da ke hada inji da giya ta 22R ba ta shiga 3L sai ka samo tata da kulochinta, tanki sai an sauke an wanke shi tas, sai an ja bututun da ke mayar da ragowar gazwal cikin tanki, sai filta mai raba ruwa da mai, sai batir babba da sitata mai karfi don gazwal matsi ne ke kunna shi ba tartsatsi ba, matsin nan ya haura ninki biyu na injin esans. Sai wayar bujin dumama. Duk wannan kudi ne kuma babu wanda ke fada maka lokacin da yake tallan injin.

Amma wanda ya fi damuna burki ne. Burkin motar esans yana samun taimako daga iskar da injin ke zuka, injin gazwal ba ya ba da wannan, shi ya sa a 3L akwai dan famfo a bayan altanato da ke yin aikin. In aka sayar maka da inji babu wannan altanaton, ko aka sa na esans don saukin kudi, za ka taka burki ka ji kamar dutse ka taka. Mota dauke da buhunan albasa tana gangarowa daga dutsen Gaundare a haka, Allah ya kiyaye. Rayukan mutane ne ba maganar riba ba.

Mai Albasa (Garwa): Subhanallah, wannan na burki ban taba ji ba. Allah ya saka da alheri malam.

Direban Pitowa: Malam duk abin da ka lissafa gaskiya ne amma ai ana yi kuma motocin suna kan hanya. Wahalar sau daya ce. Bayan nan sai ja kawai.

Makanikin Marwa: Ana yi mana, ni ma ina yi. Amma maganar ja din nan ma a rage mata gishiri. 3L lita 2.8 ne marar turbo, 22R lita 2.4, a karfin doki 3L bai fi shi ba, dan abin da ya fi shi shi ne yana ba da karfinsa tun injin bai yi kuka sosai ba, shi ya sa yake da dadi a yashi da tabo da tashi da kaya. A kwalta kuwa injin gazwal ba ya juyawa da sauri kamar na esans, in giyarka da pon na baya, wato aksul din baya, ba su dace da shi ba za ka ji motar tana ihu tana neman wata giyar da babu. Direba ya matsa mata a zafin Afrilu na Marwa da ake haura 40, lagireton kuma na da ne ba a canza ba, sai kulas, wato kan injin, ya tsage. Wadannan injinan ba sa yafe zafi. Ga bel din taimin, 22R sarka ce da shi, 3L bel ne, in ya tsinke yana tafiya bawul da fistin sun hadu. Duk injin da ya zo daga Duwala ko daga ina, a canza bel kafin a tayar da shi.

Dan Njamena: Salam yan uwa na tsallaken gada. Mu nan Chadi maganar ma ta juye. Muna da matatar Jarmaya tun 2011, kuma a karin kudin da aka yi a Fabrairun 2024 esans ya koma 730 gazwal 828, wato gazwal ne ya fi tsada da kusan faran dari. Duk da haka masu shiga arewa, Faya da su Kalait, ba ka raba su da Land Cruiser mai injin gazwal 1HZ, don a can tambayar ita ce tanki daya zai kai ka ina, kuma injin ba shi da kwamfuta duk makanikin daji ya san shi. To amma su motar a haka aka kero ta. Mai yawo cikin gari ko Njamena Kusiri ban ga abin da zai kai shi canza inji ba.

Yaron Garaji: Ina neman afuwa iyayena ni karami ne a nan, amma ba wanda ya tabo zuwa-zuwa. Shekara da shekaru abin da ya rike motocin esans a arewa ke nan, man Najeriya a kwalba da jarka. Tun da Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023 ya yi tsada ba kamar da ba, shi ya sa kowa ya fara maganar gazwal. Amma har yanzu in mai ya yanke maka a kauye esans za ka fi samu a bakin hanya. Gazwal na jarka kuma abin tsoro ne, kananzir 350 ne lita, wasu marasa tsoron Allah suna hadawa, ga ruwa ga kasa. Kabireta in ta sha datti maigidana yana wanke ta a karkashin bishiya a ci gaba da tafiya, famfon gazwal in ya lalace sai an kai wa masu injin gwaji kuma kudin ba kadan ba.

Baban Hafsat: Yaro ka yi magana, Allah ya yi maka albarka. Ga kuma takardu da kowa ya yi shiru a kai. Kat giriz dinka, wato takardar rajistar mota, an rubuta irin man da motar ke sha. Ka canza inji ba ka je an gyara ba, jandarma ya bude gaban mota a hanyar Figil ya ga famfon gazwal takarda ta ce esans, me za ka ce masa? Haka wajen bizit, wato duba lafiyar mota. Mafi muni in hatsari ya faru masu asirans (inshora) sun samu kofar da za su ce motar da suka sani ba ita ce wannan ba. Kuma ka rike takardar sayen injin da ta duwan (kwastan), injin da ba a san asalinsa ba yana iya zama na sata.

Direban Pitowa: Takardu ana gyarawa ai, ba abin da zai hana mutum ba ne. Ni dai har gobe ina kan bakana, wanda abincinsa ke kan doguwar hanya da kaya gazwal ne nasa. Baban Hafsat lissafinka ma ai ya nuna haka, kusan kashi uku cikin goma na kudin mai ake ragewa, wannan ba wasa ba ne ga mai shan lita dari a sati.

Baban Hafsat: Ban ce babu ragi ba dan uwa, cewa na yi ba kowa ba kuma ba shekara daya ba. Mai lita dari a sati ragin da zai samu bai kai 25,000 ba, ka raba miliyan daya da rabi da shi ka gani, ya haura shekara tun kafin ka sa kudin filta da bakin mai da gazwal ke ci fiye da esans.

Makanikin Marwa: Alhaji in ka nace sai ka yi, shawarata kar ka sayi inji shi kadai. Nemi Hilux ta gazwal irin taka da ta yi hatsari ko jikinta ya mutu, ko rabin mota na gaba, ka kwashe komai daga ciki, inji da giya da lagireto da altanato da wayoyi da kafafu. Ka tabbata 3L ne ko 5L mai famfon da, waya daya yake bukata, kar a lika maka 5L-E mai kwamfuta ba tare da kwakwalwarsa ba. Kafin nan kuma a duba shasin motarka, in tsatsa ta ci shi ko sifirin gaba ya kwanta ba zai dauki nauyin ba. Sannan ni ban ma yarda 22R dinka ya mutu ba tukuna, hayaki da shan mai sau da yawa ringi ne da kabireta, a auna matsinsa a gani. Injin nan yana da rai sosai.

Mai Albasa (Garwa): Na gode kwarai jama'a, useko. Gaskiya tafiyata ta fi yawa lokacin albasa, da damina motar tana yawan zama. Malam zan kai a auna matsin gobe in Allah ya yarda. In ya nuna ringi ne kawai, gyaran zai rike ni kamar shekara nawa da irin kayan da nake dauka?

Makanikin Marwa: Ya danganta da yadda silinda take ciki Alhaji, sai an bude an gani. Ka turo min lambobin da aka samu a silinda hudun, da launin hayakin, shudi ne ko baki.