Shawarwari kan sayen ɗaki ɗaya da falo a Wuse 2

Tambayar ita ce: ya dace matashi ya zuba kuɗinsa a ɗaki ɗaya da falo cikin bene a Wuse 2, Abuja? Cikin masu ba da shawara a kan wannan tambaya, kusan kowa da takardu ya fara. Sau da yawa takardar mallakar filin tana ɗauke da sunan wanda ya yi ginin, ba mai saye ba. Don haka a sa lauya ya binciki fayil ɗin a AGIS (ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja), yarjejeniya kuma ta fayyace ɓangarenka, har da wurin ajiye mota.

Inda zance ya yi tsawo shi ne kuɗin hidima na shekara: dizal ɗin janareta, albashin masu gadi, gyaran rijiyar burtsatse, kwashe shara. Wani ya ce kada a biya ko sisi sai an ga rasit na shekarun baya, kuma a ganina ya fi kowa gaskiya. A tambaya kuma, mitar wuta taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka?

Batun hayaniya, a je daren Juma'a a tsaya kan titin Aminu Kano a ji da kunne. Masu shirin aure kuwa, an ce su leƙa Gwarinpa su nemi ɗaki biyu.