Maigidana ya dawo daga daji kunnensa na ƙara, ku ba ni shawara

Salamu alaikum ƴan uwa. Ni matar soja ce a Tawa. Tun da maigidana ya dawo daga aiki wajen Tiliya, kunnensa na hagu ke ƙara dare da rana kamar kukan gyare. In ƙaramar ɗiyarmu ta yi masa magana sai ya juyo da kunnen dama, a taron suna kuwa murmushi kawai yake, bai san me ake faɗi ba. Ya ƙi zuwa asibiti, wai kar a cire shi daga cikin abokansa. Uwar miji ta ce a ɗiga masa man zaitun da tafarnuwa. Don Allah yaya zan yi?

Tsohon soja, Yamai: Wa'alaikumus salam ɗiyata. Da hannun dama yake harbi ko? Shi ya sa na hagu ya fi cutuwa, domin shi ke fuskantar bakin bindiga, na dama kuma kafaɗa na kare shi. Mu da muka yi shiru lokacinmu, yau jikokinmu sai sun ɗaga murya. Ki ce masa soja da ba ya jin umarni a rediyo ko takun ƙafa cikin dare, abokan nasa yake jefawa cikin haɗari. Wannan zancen zai shige shi.

Ma'aikaciyar jinya: Baiwar Allah, kar a ɗiga komai! In bam ya tashi kusa da shi, mai yiwuwa dodon kunnen ya huje, mai ko ruwa zai jawo ruɓa. Hujin yakan warke da kansa cikin makonni. Abin da ba ya dawowa shi ne ƙananan gasun da ke can cikin kunne, in ƙara ta kashe su shi ke nan. Ƙarar da ta wuce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) tana ɓarna in an daɗe cikinta, harbin bindiga kuwa ya haura 140, ɗaya tak na iya isa. Ya fara da likitan barikinsu, ya nemi a tura shi sashen ORL, wato na kunne, hanci da maƙogwaro, a auna jinsa, ko da sai an zo Yamai. Takardar awon nan ya adana ta, tana iya taimaka masa nuna cewa a bakin aiki ya samu lalurar. In zazzaɓi ya kama shi, ku gaya wa likita, domin kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, na tsananta ƙarar da yake ji a kunne.

Wata matar soja: Yaya, ki riƙa tsayawa gabansa ya ga bakinki, kar ki yi ihu. Da dare a kunna fanka ko karatun Alƙur'ani a hankali, nawa da haka yake samun barci. Kuma ya sa abin toshe kunne a filin atisaye, a tsirar da na daman. Allah ya ba shi lafiya.